Buba Yero da bashin da takobi ke bari

Wata Asabar bayan la'asar muna zaune kan benci a gindin darbejiyar ƙofar gidana, nan Federal Low-Cost, sai ga ɗan maƙwabcina, yaro ɗan aji biyar na firamare, riƙe da littafi da biro. An ba su aikin gida: wa ya kafa Gombe, kuma a wace shekara? Na ce masa ya rubuta Modibbo Buba Yero, 1804. Ya durƙusa ya ɗora littafin a gwiwa, ya rubuta, ya ruga gida. Kusa da ni akwai wani dattijo ɗan Kaltungo, tsohon malamin makaranta, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu shekara da shekaru. Ya bi yaron da kallo, sannan ya juyo ya ce, "Malam, amsarka daidai ce, zai ci makinsa. Amma da jikata ce ta kawo min tambayar nan, da na ƙara mata cewa akwai Gomben da Buba Yero ya kafa, akwai wadda muke zaune a cikinta yau, kuma ba faɗinsu ɗaya ba. Mu can wajenmu, a gindin dutse dawakinsa suka tsaya."

Na ce, "Baba, ai wannan ba ya cikin littafinsu." Ya ce, "Shi ya sa nake gaya maka."

Tun ranar maganar ba ta sake ni ba. Ni mai girmama Modibbo Buba Yero ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗan Gombe ya ji nauyin faɗin haka ba. Amma na yi imani cewa duk ƙasar da takobi ya tara, bashi yake bar wa na baya. Jarumi yakan tara garuruwa a ƙarƙashin tuta ɗaya cikin shekara talatin ko arba'in. Mai da mutanen garuruwan nan jama'a ɗaya kuwa aikin jikoki da tattaɓa-kunne ne, kuma da adalci da faɗin gaskiya kaɗai ake biyan wannan bashi. Mu ne magadan, mu ake bi.

Wane ne Buba Yero?

An haifi Abubakar ɗan Usmanu Subande, wanda duniya ta sani da Buba Yero, wajen 1762 a yankin Shelleng, can ƙasan kogin Gongola. Bafulatani ne ta wajen uba. Ruwayar da ta shahara ta ce mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Dera ce, mutanen da Hausawa ke kira Kanakuru. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin mutumin da wasu ke ɗauka tamkar mallakin ƙabila ɗaya, tun daga cikin jininsa gida biyu ya haɗa. Ya fita neman ilmi har ya kai ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya dawo gida da sunan Modibbo, wato malami, kuma ya shiga sahun waɗanda suka karɓi tuta bayan jihadi ya tashi a 1804.

Ƙasar da ya dawo ya tarar ba ta da sarki ɗaya. Tera na da garuruwansu masu ganuwa irin su Deba da Gwani, Bolewa na da nasu, Jukunawa na Pindiga, Fulani makiyaya na warwatse a ƙarƙashin arɗo-arɗo suna biyan jangali ga duk wanda suka sauka a ƙasarsa, sannan inuwar Borno na kan kowa daga arewa maso gabas. A kudu kuwa, Tangale da Waja da Tula da Dadiya da Cham suna bisa duwatsunsu. Aikinsa na farko shi ne tara Fulanin da ba su saba bin mutum ɗaya ba. Daga nan ya bi kwarin Gongola gari bayan gari, wani da yaƙi, wani da amana, yana sauya sansani daga Gulani zuwa Ribadu da Nafada. Sai wajen 1824 ya kafa hedikwata ta dindindin a Gombe Abba, a bakin Gongola, cikin ƙaramar hukumar Dukku ta yau. A can ya rasu a 1841, a can kabarinsa yake.

Abin lura shi ne ba abokan gaba kaɗai suka shata masa iyaka ba. Ta yamma Yakubun Bauchi, wanda shi ma mai tuta ne, shi ya tare shi. Ta gabas an ba Modibbo Adama tutar Fombina. Ta kudu dutse ya tare doki, domin mahayi ba ya da wani amfani a kan hanyar da mutum ɗaya ke bi da kyar, ana jifansa da mashi da duwatsu daga sama. Sarakunan Gombe sun yi ta kai hare-hare wannan yanki, an kashe mutane, an kama bayi, amma duwatsun ba su zama cikakken yankin masarauta ba har Turawa suka zo. Abin da Baba ya faɗa min ke nan, kuma gaskiya ya faɗa.

Akwai wani babi mai ɗaci da ba a cika karanta wa yara ba. Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero, shi ya jagoranci yaƙi ta kudu har ya kafa Muri a gaɓar Binuwai, yana ƙarƙashin Gombe. Da zargi ya shiga cewa yana neman cin gashin kansa, aka kira shi Gombe aka kashe shi a 1833. 'Ya'yansa suka kai kuka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba Muri da Gombe, ta zama masarauta mai tutar kanta. Wato takobin da aka zare don kada ƙasa ta tsage, shi ya tsaga ta. Yau Muri tana Jihar Taraba, fadarta na Jalingo.

Wani sarki a ƙasar duwatsu

Domin mu ga namu da kyau, yana da amfani mu leƙa gidan wasu. A gindin tsaunukan Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, akwai ƙasar Nepal. Ita ma mutum ɗaya ake jingina wa kafuwarta, Prithvi Narayan Shah, wanda aka haifa a 1723, ya hau gadon ƙaramar masarautar Gorka a 1743 yana ɗan shekara ashirin. A lokacin yankin cike yake da 'yan ƙananan sarakuna, rukuni ɗaya na 22, wani na 24, ga kuma birane uku masu arziki a kwarin Katmandu, wato Katmandu da Patan da Baktapur, na mutanen Newar, waɗanda suka riƙe cinikin da ke tsakanin Indiya da Tibet.

Gorka matalauciya ce, ba ta da abin da za ta gwada wa waɗannan birane. Sarkin ya yi amfani da haƙuri da dabara. A 1744 ya ci Nuwakot, wadda ke kan hanyar fatake zuwa Tibet. Ya ɗebi mayaƙa daga ƙabilu daban-daban na tsaunuka, irin su Magar da Gurung, yana biyansu da gonaki, ta yadda kowane sabon gari da aka ci ya zama albashin yaƙin gaba. Sannan ya zagaye kwarin ya toshe hanyoyi, ya hana gishiri da auduga shiga. Sau biyu yana kai wa garin Kirtipur hari ana korarsa. A karon farko, 1757, ya rasa babban kwamandansa Kalu Pande, a na biyu ƙaninsa ya rasa ido. Da garin ya faɗi a karo na uku, ruwayar da mutanen wurin ke riƙe da ita har yau ta ce an yanke wa mazan garin hanci da leɓe. A 1767 ya fatattaki rundunar kamfanin Ingila mai mulkin Indiya a Sinduli. A Satumbar 1768 ya shiga Katmandu ana tsakiyar bikin shekara, Baktapur ta bi baya a 1769. Ya rasu a 1775.

Ba ƙaramin abu ya bari ba. Ko da Ingila ta yaƙi Nepal daga 1814 zuwa 1816 ta yanke mata yankuna, ba ta mallake ta ba, alhali Indiya duk girmanta ta shiga hannu. Amma magadansa sun ɗauka cewa tunda ƙasa ta haɗu, magana ta ƙare. Harshe ɗaya da addini ɗaya da gidaje kaɗan suka mamaye mulki. A 1854 aka rubuta dokar da ta jera al'ummun ƙasar hawa-hawa, wannan sama, wannan ƙasa, har hukuncin laifi ya danganta da gidan da aka haifi mutum. Bashin ya yi ta taruwa. A 1996, shekarar da mu muka sami jiha, 'yan tawayen gurguzu suka ɗauki makami, kuma da yawan mayaƙansu 'ya'yan ƙabilun da aka bari a baya ne. Shekara goma ana yaƙi, aka rasa rayuka wajen 17,000. A 2008 aka rushe sarautar gaba ɗaya, bayan shekara 240 da shigar Prithvi Narayan Shah Katmandu. Tun kafin nan an soke hutun ranar haihuwarsa, an far wa mutum-mutuminsa. Sai ga shi a Janairun 2023 gwamnatin da tsohon jagoran 'yan tawayen, Prachanda, ke shugabanta ta dawo da hutun.

Wannan kai-komo shi ne darasin. Shekara ɗari biyu ana yabon mutumin ba tare da an bar wanda aka yanke wa kaka hanci ya yi magana ba. Da bakin ya buɗe, sai zagi zalla ya fito. Daga baya aka gane cewa ba yadda za a yi a ba da labarin Nepal babu shi. Da tun farko an faɗi labarin duka, da ba a sha wannan wahala ba.

Ma'aunin da suka bar mana

Ba na cewa Buba Yero da sarkin Gorka abu ɗaya ne. Shi na Gorka faɗaɗa gadon gidansu ya fita yi, kuma ba wanda ke samansa. Buba Yero malami ne da ya fita da sunan gyaran addini da kawar da zalunci, yana ƙarƙashin Sakkwato, wadda ke iya tsawata masa, kamar yadda maganar Muri ta nuna. Wannan bambanci yana ƙara masa daraja, yana kuma ƙara masa nauyi, domin jagororin jihadi sun rubuta ma'aunin da za a auna su da shi. A Kitabul Farƙ Shehu ya lissafa halayen mulkin zalunci, ciki har da ƙwace dukiyar talaka da harajin da shari'a ba ta san shi ba da cin hanci a wajen shari'a. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu, da ya ga son duniya ya fara shiga rundunar, ya bar ta ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi, kuma Muhammadu Bello bai ɓoye su ba, ya sa su cikin Infaƙul Maisuri tare da amsoshinsa.

To idan su da kansu sun yi wa juna tambaya mai zafi, suka rubuta ta don na baya su gani, mu wane ne da za mu ce tambaya rashin ladabi ce? Wanda ya ce a binciki abin da ya faru da Hammaruwa, ko a faɗi hare-haren da aka kai wa mutanen dutse, bin sawun Abdullahin Gwandu yake yi. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Tarihin masarautar bayan Buba Yero ma ya nuna cewa abin da yaƙi ya ɗaure, kullum yana neman kwancewa. Muhammadu Kwairanga ya yi shekara 38 a kan gado, daga 1844 zuwa 1882, yawancinsu yana ƙoƙarin riƙe abin da mahaifinsa ya tara. Bayansa Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansanin Mahadiyya a Burmi, ya karya rundunar Gombe a 1888, Sarki Zailani ya rasa ransa sanadin wannan yaƙi, kuma wani babban yanki na masarautar ya fita hannun fada har Turawa suka kama Jibrilla a 1902. A Burmin nan ce Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903.

Abin da ya haɗa mu da gaske

Garin da nake rubuta wannan sharhi a cikinsa, Buba Yero bai taɓa zama a fadarsa ba. Turawa ne suka ɗauke hedikwata daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru, wurin da ya zama Gomben yau. Su ne kuma suka haɗa ƙasar Tangale da Waja da masarautar a yankin mulki ɗaya, kowanne da hukumar gargajiyarsa. Mishan suka sauka Kaltungo a 1917, suka kawo makaranta da asibiti da Kiristanci, abin da ya sa kudancin jihar ya yi fice a boko.

Daga nan abin da doki ya kasa, kasuwa ta fara yi. Auduga ta bunƙasa a shekarun 1950, manoma da fatake suka kwararo daga Kano da Katsina da Borno. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, ya kawo Yarbawa da Inyamurai da ma'aikata daga ko'ina. Kamfanin siminti na Ashaka da madatsar ruwa ta Dadin Kowa suka ƙara jawo mutane. Hausa, wadda ba harshen Buba Yero ba ce kuma ba ta Tangale ko Tera ba, ta zama harshen da kowa ke ciniki da gaisuwa da shi. Da aka tashi neman jiha, kudu da arewa tare suka nema, aka same ta ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 11.

Duk wanda ke son ganin sakamakon wannan, ya zo unguwarmu Federal Low-Cost da safe. Gidaje ne da gwamnatin tarayya ta gina ba tare da tambayar ƙabilar mai shiga ba. A layinmu kaɗai akwai Bafulatani da Batere da Batangale da Babarbare da Bawaje. Idan mai tankar ruwa ya zo, karo-karo muke yi. Ranar Sallah kwanon nama na tsallaka katanga zuwa gidan Baba, ranar Kirsimeti shinkafa da kaza su tsallako, kuma matarsa kan aiko a kira wani daga cikinmu ya yanka kazar don mu ci hankali kwance. Da aka yi masa rasuwa, mu muka kafa rumfa muka jera kujeru. Babu tutar da ta umarce mu da haka. Zaman tare ne ya koya mana.

Sai dai kada daɗin wannan ya rufe mana ido. A Fabrairun 2021 rikicin gadon sarautar Mai Tangale ya ɓarke a Billiri, aka yi asarar rayuka da dukiya, aka sa dokar hana fita. A kwanakin nan na ji kalmomi daga ɓangarorin biyu da suka girmi duk mai faɗinsu, wannan na tuna hare-haren da aka kai wa kakanninsa, wancan na jin an mai da shi baƙo a garin da aka haife shi. A layinmu ma gaisuwa ta yi sanyi na 'yan kwanaki. Ciwon da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ranar da aka fama shi sai ya fi na farko zafi.

Na san masu cewa tone-tone ba ya haifar da alheri, a bar kaza cikin gashinta. Ina fahimtar tsoronsu, domin akwai 'yan siyasar da ke neman irin waɗannan labarai don hura wuta lokacin zaɓe. Amma shirun makaranta ba ya hana a faɗi labari. A ɗaki ake faɗinsa, kaka ta gaya wa jika rabinsa, wani a Facebook ya ƙara masa gishiri. Yaron da aka koya wa cewa Buba Yero waliyyi ne da bai taɓa kuskure ba, da yarinyar da aka koya wa cewa maharin bayi ne kawai, ranar da suka haɗu a jami'a ba su da abin da za su gaya wa juna sai gardama. Da malami ɗaya ya zaunar da su ya ba su labarin duka, da sun tashi da tarihi ɗaya mai fuskoki da yawa.

Yadda za a fara biya

Na farko, a koyar da tarihin Gombe a makarantunmu da cikarsa. A faɗi ilmin Buba Yero da jarumtarsa da tsarin mulkin da ya kafa, wanda zuriyarsa ke kai har zuwa Mai Martaba Abubakar Shehu Abubakar na uku da ya hau gado a 2014. A faɗi garuruwan Tera da Bolewa da Jukun da suka riga shi. A faɗi yadda mutanen dutse suka kare kansu, a kira wannan jarumta kamar yadda ake kiran waccan.

Na biyu, sassan tarihi na Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su tura ɗalibai ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, a naɗi abin da dattawa suka gada da Fulfulde da Tera da Tangale da Waja da Bolanci, tun kafin ƙasa ta rufe su. Baturen nan Victor Low ya yi irin wannan aiki a kan Gombe da Katagum da Haɗeja, littafinsa ya fito a 1972. Ya kamata jikokin masu labarin su ɗora daga inda ya tsaya. Gombe Abba da Burmi da duwatsun Tula kuma a gyara hanyoyinsu, a riƙa kai 'yan makaranta duka ukun, domin gani ya kori ji.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, adalci a yau. Rabon muƙamai da gurbin karatu da hanya da asibiti, da yadda ake naɗa sarakuna, da yadda ake ba da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, a nan ne talaka ke gane ko shi ɗa ne ko agola. Nepal ba ta shiga yaƙi don abin da ya faru a Kirtipur kaɗai ba. Ta shiga ne don jikokin waɗanda aka ci da yaƙi sun waiwaya bayan shekara ɗari biyu sun ga har yanzu a bakin ƙofa suke.

Washegari na sa aka kira min yaron nan. Na ce ya bar amsarsa yadda take, amma ya je ya gaida Baba, ya tambaye shi yadda kakanninsa suka zauna a kan dutse da abin da suke nomawa a can. Ya tafi yana jan ƙafa, don a ganinsa aikin gida ya ƙare. Har aka kira magariba yana zaune a kan tabarmar dattijon, littafin a buɗe, yana rubutu a shafin da malaminsu bai tambaya ba.